Noga, Hasken Bayan Ruwa da Yakuba Ya Je Nema

Ranar Alhamis, 4 ga watan Yuli na shekarar 2024, da hantsi, Mai abu ya karɓi abinsa. Malam Yakuba Ɗanƙarami, malamin Ibrananci, mazaunin unguwar Sabon Gari a nan Damagaram, ya cika a asibiti bayan jinyar ciwon ƙirji da ba ta daɗe ba. Ranar kasuwar Dole ce, babbar kasuwar garin, gari cike da mutanen karkara, don haka kafin la'asar labari ya isa ƙauyenmu a bakin masu komawa gida. Ya bar matarsa Maryama, wadda muke kira Uwar Biyu, da tagwayensu Hasana da Husaina, da jikoki. Ya kuma bar ni, Suma'ila, taubashinsa, wanda ya ɗauke shi daga gidansa yana dariya, ya maido shi jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Ba zan ajiye wannan sai ƙarshe ba. Duk wanda ya zo zaman makoki ya ji shi a raɗa, gara ya ji shi daga bakina.

Yakuba, da kai nake yanzu, kuma wannan ne karo na farko da zan yi maka magana ka kasa ramawa. Ubanka da uwata Indo ciki ɗaya suka fito. Tun muna tsirara a Garin Ɗanƙarami, ƙauyen da kakanmu ya sara a karkarar Tirmini, nake ce maka bawana, kai ma kake ce mini bawanka. Mun kai ƙara gaban tsofaffi, sun yi dariya sun kore mu. Gemu ya fito mana, ya yi fari, ba mu raba gardamar ba. Ga watan cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke bin juna gida gida da tsokana. Shekaranjiya na sa hula na fito ƙofa, sannan na tuna ba inda za ni.

Kana saurayi ka tafi cin rani kudu, ka dawo da addinin Almasihu. Ba zan yi ƙarya in ce abin ya yi mana daɗi ba. Kawu, ubanka, ya rufe maka ƙofa, ya ce a daina ambaton sunanka a gabansa. Uwata ce ta buɗe maka tata. Ta ce ita ba ta san karatu ba, amma ɗan wanta ba zai kwana da yunwa tana da tuwo a tukunya ba. Ka riƙe mata wannan har ta koma ga Allah. Ciwonta na ƙarshe ya same ni ina aiki can Tanut, ba damar tasowa. Kai ka ɗauko ta daga ƙauye ka ba ta ɗakinka, Uwar Biyu na yi mata wanka, kai kuma kana tashe ta idan lokacin salla ya yi, kana juya mata tabarma ta fuskanci gabas. Da bakinta ta gaya mini ba ta taɓa rasa salla ko ɗaya a gidanka ba.

Daga baya majami'arku ta tura ka karatu nesa, ka yi shekaru, ka dawo da Ibrananci, harshen da aka fara rubuta tsofaffin littattafanku da shi. Ranar da ka buɗe mini shafi na ga rubutun daga dama yake farawa, na yi dariya har na ƙware da shayi. Na ce ashe gudun allo ka yi, ka zagaye duniya, ka je ka faɗa wani allon. Ka ce in rufe maka baki, bawa bai isa ya sa baki a karatun ubangidansa ba. Ka koyar shekaru da yawa a makarantar horon fastoci, da ka ajiye aiki kuma ba ka zauna ba. Akwai fastocin karkara da ba su yi lekol, wato boko, mai zurfi ba, Faransancin ma da ƙyar, balle Ibrananci. Kai kake ɗaukar kalma ɗaya ɗaya kana warware musu ita da Hausa, Husaina na naɗar muryarka a waya tana tura musu.

Mutanen lungunmu ba za su manta da fitilarka ba. Lungun masallaci duk duwatsu ne, irin na garin nan da ba a iya kawarwa, idan aka ɗauke wuta kuwa sai lalube. Da wani dattijo ya faɗi a hanyar sallar asuba ya goce a gwiwa, ka sayo fitila mai cin hasken rana ka kafa ta a kan katangarka, ka juya fuskarta waje, tsakar gidanka na cikin duhu. Liman ya zo godiya, ka ce masa don barcinka ka yi, ka gaji da jin tsofaffi na tuntuɓe suna salati a gindin tagarka. Ranar da matata Kande ta rasu, kafin in san inda kaina yake kai kana maƙabarta cikin masu haƙa, farin wandonka duk ƙasa. Da aka tsaya salla ka ja gefe ka sunkuyar da kai, da aka gama ka zo ka kama hannuna. Daga ranar tuwon darena daga gidanka yake zuwa, da saƙo ɗaya kullum: a kai wa bawa, kada ya mutu mini in yi asara. Ina ci ina zaginka ina hawaye.

A bazarar bana ne ka kawo kan kalmar da ta zame mana abin da ta zame. Muna zaune gindin dogon yaron ƙofar gidanka, zafi ya hana kowa motsi, ka ce mini Ibrananci na da kalmar haske ta yau da kullum, or, wato hasken kansa, wanda aka fara halitta kafin rana da wata. Amma akwai wata, noga. Ita ce abin da haske ke zubarwa ya iso gare ka. Jan annurin da ke kewaye da harshen wuta, noga ne. Abin da ke cika sama idan gari ya waye, noga ne. Ka ce littafinku na kwatanta hanyar mutumin kirki da ita, don tana ta ƙaruwa ne har rana ta take tsaka. Inda ka fi so kuwa shi ne maganar ƙarshe ta Annabi Dauda, da ya tsufa yana bayyana yadda shugaba mai tsoron Allah yake. Ya kamanta shi da safiyar da ba gajimare, da kuma nogar da ke biyo bayan ruwan sama, wadda ke jawo ciyawa ta fito daga ƙasa.

Damuwarka ita ce me za ka ce wa fastocinka da Hausa. Ni kuwa na ga wurin tsokana. Na ce ƙyalli, ka ce wannan na sabon kwano ne. Na ce walƙiya, ka ce tana firgita yara ne ta wuce, ba ta tsirar da komai. Na ce sheƙi, ka ce ba man shafawa kake talla ba. Na ce to ka ce haske kawai ka huta, wa zai kai ka ƙara? Nan ka daina dariya. Ka ce mutumin da ya faɗi wannan magana makiyayi ne kafin ya zama sarki, ya tsaya a daji ya ga abin da idonsa, mutanen da za ka gaya wa kuma manoma ne, su ma sun gani. Ka ce kai kaɗai ne a tsakaninsu ka daɗe a cikin gari har ka fara mantawa, kuma ba za ka naɗi darasin ba sai ka koma gona ka tsaya a cikinta.

Dole in faɗi ko ni wane ne a wannan lamari, don a san nauyin abin. Ni majo ne, babban ma'aikacin jinya, a nan na tsufa har na ajiye aiki. Na san idonka na da hawan jini, yana rufewa a hankali. Na san ƙirjinka fiye da kowa, tsohuwar fuka da zuciyar da ta gaji. Ina tsaye likita ya ce a kiyaye ka daga sanyi da jiƙewa kamar yadda ake kiyaye jariri. Duk mako ni nake zuwa in gwada maka tansiyo, wato hawan jini, in lissafa maka ƙwayoyi. Ba jahilci ya kai ni ba.

A ƙarshen watan Yuni aka yi ruwan shuka, tun kafin asuba har gari ya fara wayewa. Ina dawowa daga masallaci na same ka zaune a zaure, ka sa takalmi, sandarka a hannu. Ka ce, “Bawa, an yi ruwa. Kai ni gona yau. Damina mai zuwa ba za ta sami idon nan ba.”

Uwar Biyu ta fito ta ce ba inda za ka. Kuka ja, ta tuna maka maganar likita, ka ce likita bai taɓa shuka ba. Can sai ta juyo gare ni ta ce, “Majo, kai ka san ƙirjinsa. In ka ce ya je, ya je.”

Sai na yi abin da duk ɗan Damagaram zai yi. Na fita lungu na duba gabas. Mu nan ruwanmu daga gabas yake zuwa, ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan. Gabas fes take, ko ɗigon gajimare babu. Hadarin da ya zuba da asuba ya wuce yamma, ya je ya tsaya baƙi ƙirin can wajen Takieta. A abin da iyayenmu suka koya mana, hadarin da ya wuce ya wuce ke nan, ba a waiwayarsa. Na dawo ina taƙama na ce mata gabas a wanke take, zan maido mata mijinta kafin la'asar a bushe. Ta shiga ɗaki ta fito da bargonka mai kauri da babbar ledar da take rufe kaya da ita, ta miƙo mini. Na ce, haba Uwar Biyu, Tirmini za mu, ba ƙasar ƙanƙara ba, kada ki sa 'yan ƙauye su yi mana dariya. Ta tsaya da su a hannu, sannan ta ajiye a kan kujerar zaure. Wannan maganar tawa ita ce ke tashe ni daga barci har yau.

Mun bi kwalta da motata har Tirmini. Daga nan hanyar rairayi ce, koramar da ke tsakani kuma ta ɗauki ruwa, sai muka bar motar. Ƙaninka Zakari, wanda ke noma gonar Kawu, ya zo ya ɗauke mu a amalanken shanu. Ƙauye kaf ya fito, ba wanda ya zauna sai gajiyayyu, don danshin shuka ba ya jiran kowa. Maza na gaba da sungumi suna sara rami, mata da yara na biye da iri a ƙwarya, suna jefawa suna rufewa da diddige. Muna sauka rana ta fito sosai. Yakuba, na yi shekaru ina ganin safiyar shuka, amma ban taɓa tsayawa na dube ta ba sai ranar. Rairayin da jiya yake fari fat ya koma ja mai duhu, tururi na tashi daga cikinsa siriri. Kowane ganyen sabara na riƙe da ɗigon ruwa, kowane ɗigo na riƙe da rana. Iska ta wanke, har ana hango duwatsun da ke bayan gari kamar an matso da su. Na dafa ka na ce, to ga nogarka nan, cika ido.

Ka ɗaga kai kana murmushi, ka ce lalle kuwa ta yi kyau. Amma yamma kake fuskanta, inda baƙin hadarin yake, rana na bayanka. Na ɗaga hannu na kaɗa a gaban fuskarka, ko ƙiftawa ba ka yi ba.

Ka ce, “Daina yi mini fifita, ina jin iskar hannunka. Ido ya tafi tun kafin azuminku. Juya ni in fuskance ta.”

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ke zuwa gidanka duk mako, ni majo, ban gane ba, don ka haddace gidanka da lungunka, kuma bakinka ba ya barin mutum ya lura da idonka. Na ce ka yaudare ni, ka sa na kawo makaho kallon haske. Ka ce da ka faɗa, da na kawo ka? Ka ce kada in gaya wa Uwar Biyu, ba ta sani ba, ba ka so ta fara yi maka kuka tun kana raye. Na kama kafaɗunka na juya ka gabas.

Ka tuɓe takalmi ka tsaya a kan jiƙaƙƙen rairayi, ka ce in faɗa maka abin da nake gani. Na yi ta kame-kame, ni ba mai zance ba ne sai na tsokana, na ce ga ganye, ga tururi, ga ƙasa ta yi ja. Kana saurare, rana na dukan fuskarka. Sannan ka ce ɗumi na sauko maka a goshi, sanyi na hawo maka daga tafin ƙafa, kuma a nan suke haɗuwa, a nan iri ke farkawa. Ka ce ka samu. Ba za ka nemo wa fastocinka wata baƙuwar kalma ba, za ka ce musu hasken ranar shuka, kowane manomi zai gane ba sai an ƙara masa ba. Ka kuma gaya mini akwai wani wuri a littafinku da ke magana da mutumin da ke tafiya cikin duhu, ko noga ba shi da ita, ana ce masa ya jingina da Ubangijinsa. Ka ce wannan wurin kake maimaitawa da ka tun ranar da ido ya rufe, amma yau ka gane ba a hana ka ita duka ba, tunda fata ma na jin ta.

Daga nan ka ce a ba ka iri. Zakari ya wuce gaba yana sara, kai kana bin ƙarar sungumi, kana laluben rami da yatsun ƙafa. Wani ka tsallake, wani ka zuba masa kusan tafi guda, wani ka jefa a gefe ka rufe wurin da ba komai. Mata na dariya suna cewa fasto zai ƙarar musu da iri, kai kana cewa gonar ubanka ce. Layi ɗaya ka yi, ka zauna kana haki. A nan ya kamata in ce a tashi. Na ji yadda numfashinka ke fita, na san ma'anarsa. Amma an kawo fura, kana ta hira da mutanen da suka daɗe ba su zauna da kai ba, Zakari na kiranka yaya a gaban kowa a gonar da aka taɓa hana ka takawa. Na duba gabas, har yanzu fes. Na ce bari a ɗan ƙara.

Bayan azahar iska ta tsaya cik. Sai kuma ta taso, daga yamma. Zakari ya ajiye sungumi ya ce, “Hadarin nan ya juyo.” Wani tsoho ya yi salati ya ce a rayuwarsa bai ga haka ba sai 'yan lokutan da ba su taka kara sun karya ba. Muka ɗora ka a amalanke, Zakari na dukan shanu, amma ruwan ya cim mana a tsakiyar fili, ba bukka, ba itacen kirki sai ƙaya. Ruwa ne mai sanyi da iska, yana shigowa ta gefe. Na tuɓe rigata na lulluɓa maka, nan da nan ta zama tsumma, na rungume ka ina kare ka da bayana. Ina jin haƙoranka na kaɗawa a kafaɗata. A cikin wannan halin ka sa baki a kunnena ka ce, “Bawa ya tuɓe riga don ubangidansa. Gardama ta ƙare.” Ledar nan kawai nake gani a kan kujerar zaure.

Da muka iso gida rana na gab da faɗuwa. Uwar Biyu ta buɗe ƙofa ta dube ka, ta dube ni tsirara daga ƙugu zuwa sama. Bargon na nan inda ta ajiye shi. Ta ɗauka ta naɗe ka a ciki ta ja ka ɗaki, ba ta ce mini ko kanzil ba. Washegari zazzaɓi ya rufe ka. Na yi allurai, na yi duk abin da na sani, da na ga ƙirji ya cika muka kai ka asibiti. Ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ni shaida ne. Darasin noga kuwa ba a naɗe shi ba, numfashin bai kai ba.

An binne ka a maƙabartarku. Mutanen lungu sun zo, liman na gaba, mutanen Garin Ɗanƙarami sun bar noma sun cika mota. Kowa ya shiga ya yi wa Uwar Biyu gaisuwa ta amsa. Ni kaɗai ne idan na durƙusa na ce ya haƙuri, sai ta sunkuyar da kai ta kama gyaran bakin zanenta har in tashi. Kullum ina zuwa, kullum haka. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Matar da ta yi wa uwata wanka, ta ciyar da ni lokacin da ba ni da mai dafa mini, ita ce na mayar gwauruwa da bakina.

Makon jiya Zakari ya aiko in zo in ga wani abu. Gero ya fito, gona ta yi kore layi layi, a tsakiya kuma ga naka. Ko daga nesa ana gane shi. Nan giɓi, nan cunkus kamar an zubar da ƙwarya, can kuma wasu sun tsiro a gefe inda ba rami. Zakari ya ce ya hana a taɓa shi wurin rage tsiro sai ya ji ta bakinmu. Na tsuguna a bakin layin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Daga can gidanka na wuce. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ninke rigunanka. Na durƙusa na gaya mata geronka ya fito. A karo na farko tun ranar ruwan ta dube ni ta ce, “Majo, ya gani?”

Yakuba, ka gafarce ni, na karya maka alkawari. Ƙarya na bakina a shirye. Da na ce ka gani, da na riƙe amanarka, da ta samu abin rarrashin zuciya, ni ma da tafiyar ta zama tana da dalili. Amma na riga na yi wa matar nan magana ɗaya da gadara ta zama ajalinka, ban iya ƙara mata wata ba. Na ce, “Bai gani ba, Uwar Biyu. Idonsa ya riga ya tafi. Ya ce kada in gaya miki.”

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ce, “Na sani. Wa kake tsammani ke kawar masa da turmi daga hanya? Wa ya hana yara gusar da kujera ko ɗaya a gidan nan? Yana ɓoye mini, ina ɓoye masa na sani. Ranar nan na san makaho za ka kai kallon haske. Na kasa cewa e, na kasa cewa a'a, sai na ɗora maka.” Ta share ido da gefen mayafi ta ce da na ce mata ka gani, da ta san ba ta da sauran wanda za ta tambaya yadda ranar ta kasance. Ta turo mini kujera ta ce in zauna in gaya mata duka.

Na gaya mata. Ɗumi a goshi, sanyi a tafin ƙafa, hasken ranar shuka, Zakari na kiranka yaya, har da maganar riga, wadda ta sa ta dariya tana kuka. Ta kira Husaina ta ce ta kawo waya, in maimaita abin da ka faɗa a gona yadda ka faɗe shi, a tura wa fastocinka. Haka aka yi. Darasinka na ƙarshe da muryar bawanka Musulmi ya tafi, na san da kana nan da ba ka bar ni na sha ruwa ba. Da muka gama na roƙe ta ta yafe mini.

Ta ce, “Tafiyar tamu ce mu biyu, ni da kai, ba wanda zai yafe wa wani. Bargon kuwa naka ne kai kaɗai. Shi ban yafe ba tukuna. Ka ba ni lokaci.” Ta ce a gaya wa Zakari ya bar layinka yadda ka shuka shi, idan gero ya kai kuma in kawo mata tumu daga ciki da hannuna.

Gaskiya ta faɗa. Hadari ikon Allah ne, ajali kuma ba ya wuce ranarsa, na yi imani da wannan. Amma bargo a hannunta yake, ni na ce ta ajiye, don kada a yi mana dariya.

Yakuba, hanyarmu ta zuwa ga Allah ba ɗaya ba ce, kai ka sani, ni na sani, ba mu taɓa yi wa juna ƙarya a kan haka ba. Hukunci ba nawa ba ne. Na miƙa ka ga wanda ya halicci ido ya kuma halicci abin da ido ke gani, wanda ya san tabarmar da ka juya wa uwata da fitilar da ka juya wa lungu, kuma jin ƙansa ya fi ƙarfin lissafina. Ya dube ka da rahamarsa, ya sa duhun da ka sha a ƙarshen kwanakinka shi ne na ƙarshe.

Hasana da Husaina, Allah ya ba ku haƙurin rashin uba, ya raya muku zuriya, ya sa ku gaji halinsa. Zakari da dukan mutanen Garin Ɗanƙarami, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kanmu kamar yadda muka zauna a gona ranar nan. Jama'ar majami'arsa da ɗalibansa na karkara, ina yi muku gaisuwar wannan babban rashi. Uwar Biyu, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya zama gatanki, ya saka miki da alheri kan gaskiyar da kika faɗa mini ba ki rage ba. Gero na girma. Zan kawo tumun, zan durƙusa inda na saba durƙusawa, kuma zan jira.